AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ke Sa Fankar Kwamfuta Kuka, Kuma Yaya Ake Rage Shi?

A wannan fili namu mukan bugo maku amsoshin da muka bayar a rediyo, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi ji ya samu ya karanta a natse.

TAMBAYA

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu wanda ya sayar da amfanin gonarsa ya saya wa ɗansa kwamfuta ta girke, watau irin wadda ake ɗorawa a tebur, ya buɗe masa shagon buga takardu da cike fom a bakin kasuwa. Ya ce tun da zafi ya kama, injin ya shiga kuka kamar jirgi zai tashi, har ba a jin maganar mai ciniki, wani lokaci kuma sai ya mutu da kansa ana tsakiyar aiki. Wani abokin yaron ya ba su shawara su tsinke wayar fankar su huta. Shi ne yake tambaya, shin a tsinke, ko akwai wata dabara?

AMSA

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma kafin komai ga amsa a gajarce: kada ku tsinke. Garin neman gira sai a rasa ido. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, to haka kukan fanka yake. Injin yana gaya maku cewa yana jin zafi ne, ko kuwa wani abu ya lalace. Abin yi shi ne a gano dalilin kukan a kawar da shi, sa'an nan a zo maganar saiti.

Bari mu ɗauko abin daga tushe. A cikin akwatin nan akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai kai kwalin ashana biyu ba, wanda ake kira firosesa, shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin dukkan lissafi. Kamfanonin Intel da AMD na Amurka su ne suka fi ƙera na irin waɗannan injuna. Duk wutar lantarkin da ya ci, zafi take komawa. Saboda haka aka ɗora masa wani ƙarfe mai tsage-tsage, kwatankwacin wanda ka sani a jikin injin babur ko injin ban ruwa, aka kuma ɗaura fanka a kansa tana hura iska. Kamar dai lagireto da fankarsa a mota. Wa ya taɓa cire fankar mota don tana damun fasinja?

Yawancin ƙwaƙwalen nan iyakarsu wajen digiri 95 zuwa 100 ne a ma'aunin Salshiyos, kusan zafin tafasar ruwa ke nan. In sun kusa nan sai su rage saurin aiki da kansu, in abin ya ƙi sai injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Wannan mutuwar da ka ce yana yi, mai yiwuwa ita ce. Ka ga ashe fankar ba ta isar da shi ba ma tana raye, balle an tsinke ta.

KA FARA SAURAREN IRIN KUKAN

Fankar da ke cikin akwati ba ɗaya ba ce. Akwai ta kan ƙwaƙwalwa, akwai ta jikin akwati a baya ko a gaba, akwai ta cikin akwatin wuta, watau inda wayar lantarki ke shiga, wasu injunan kuma suna da ta katin hoto. Ka kasa kunne ka ji daga ina kukan ke fitowa, kuma wane iri ne.

In huci ne na iska, fuuu, yana ƙaruwa in aiki ya yi yawa, to fanka lafiyarta lau, gudu take yi saboda zafi. In gurnani ne ko ƙara kamar ana niƙa, musamman da safe in an kunna, to boris ɗin fankar ya cinye ko mansa ya bushe. In kuwa ƙas-ƙas-ƙas kake ji a jere, duba da kyau, sau da yawa wata waya ce ta saki tana taɓa fiffiken, ɗaure ta gefe kawai ya wadatar. In dukan akwatin ke rawa, noti ne ya kwance, ko teburin bai zauna daidai ba.

Akwai kuma wani sauti da ba na fanka ba, wanda ya fi su haɗari. In ka ji ƙyas, ƙyas daga ma'ajiyar bayanai, irin tsohuwar nan mai faifai a ciki, to maza a kwashe takardun mutane da lissafin bashi a zuba a filashi tun ba ta mutu da su ba.

ƘURA ITA CE BABBAR ABOKIYAR GABA

A ƙasarmu, kafin a zargi komai sai an zargi ƙura. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na zubo mana ita, fanka kuma tana zuƙe ta tana cusawa a tsagogin ƙarfen nan har su toshe kamar an shimfiɗa bargo. Da sanyi ba a lura. Sai Maris da Afrilu sun zo, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40, sa'an nan injin ya fara ihu. Ban da ƙura, akwai saƙar gizo-gizo da kyankyasai, har zanzaro kan shiga ya yi gini.

Ga yadda ake sharewa. A kashe injin, a zare wayar daga soket, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. A fitar da akwatin waje, a kwance murfin gefe. Ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, domin ɗan tartsatsin nan da jiki kan tara da hunturu yana iya lalata kayan. Sa'an nan a sa busasshen buroshi mai laushi da injin hura iska a kore ƙurar. Lokacin hurawa ka danne fiffiken fanka da yatsa kada ya yi ta juyi fiye da ƙima. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa da baki saboda yawu.

Gargaɗi babba: akwatin wuta ba a buɗe shi. Akwai abubuwan da ke riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare waya, kuma suna iya yi wa mutum mummunan lahani. A hura shi ta tagoginsa kawai. In fankarsa ce ta lalace, a kai wa mai gyara.

Shagon da ke bakin hanya ko kusa da injin niƙa, ya kamata a yi wannan shara kowane wata biyu ko uku, a kuma tabbata an yi ta da ficewar hunturu kafin bazara ta kankama.

INDA AKA AJIYE INJIN

Iska takan shiga ta gaba ta fita ta baya. Saboda haka kada a manna bayan akwatin da bango, a bar taƙi ɗaya ko biyu. Kada a kulle shi cikin durowa, kada a ajiye shi a ƙasa inda ƙafafu ke tayar da ƙura, kada a jera takardu a kan tagoginsa, kuma kada rana ta riƙa dukansa ta taga. Rufe shi da ƙyalle abu ne mai kyau, amma sai bayan an kashe shi. Masu cire murfin gefe su kunna masa fankar ɗaki, wannan dabarar ranar gaggawa ce kawai, domin ƙofa ce aka buɗe wa ƙura da ɓera.

Ka riƙe wannan kuma: fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗakin take turawa. In ɗakin kwano ne babu silin, yana digiri 40, to da iska mai digiri 40 ake fifita injin. Buɗe taga da yin rumfa a gaban shago suna rage kukan fiye da yadda kake zato.

MAI DA BORIS

Tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke kanta akwai wani mai mai kauri, toka-toka, da ake shafawa don zafi ya ratsa da sauri. Bayan shekaru yakan bushe ya zama kamar alli, kuma yawancin injunan gwanjo da ake kawo mana sun daɗe ba a canja masu shi ba. In an share ƙura amma zafi bai sauka ba, a sa mai gyara ya goge tsohon ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Kada a musanya shi da man goge baki ko girisin mota.

Fankar da boris ɗinta ya bushe, wasu kan ɗaga takardar da ke manne a bayanta su ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Yakan yi shiru na ɗan lokaci, amma ba magani ba ne mai ɗorewa. Man gyaɗa da manja kuwa daskarewa suke yi su kama ƙura. Mafi alheri a sayi sabuwa, kuma a tafi da tsohuwar kasuwa don a gwada. Girmansu yawanci milimita 80 ne, ko 92, ko 120, suna aiki da wuta bolt 12. In akwatin zai ɗauki babba, a sa babba, domin tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, gudun kuwa shi ne kukan. A ƙirga ƙafafun fulogin: mai uku ana rage gudunta ta hanyar rage mata wuta, mai huɗu kuwa wayar ta huɗun ce ke ɗauke da umurnin gudu, ita ta fi jin saiti. A jikin yawancinsu akwai 'yar kibiya mai nuna inda iska ke fita, kada a ɗaura ta a juye.

YANZU SAI MAGANAR SAITI

Kafin a taɓa saiti sai an auna. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp masu nuna zafin ƙwaƙwalwa. In injin na zaune ba ya aikin komai, daga digiri 35 zuwa 55 ba abin damuwa ba ne a yanayinmu. In yana aiki mai nauyi ya kai 70 ko 80, da sauƙi. In yana zama a 90 ko fiye, akwai matsala, kuma ba lokacin rage gudun fanka ba ne.

Haka kuma yaron ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, zai ga jerin abubuwan da ke aiki. In ya ga ƙwaƙwalwa na aiki kashi 90 ko 100 cikin ɗari alhali ba ya yin komai, to wata manhaja ce ke ci a ɓoye, ko kuma bairos ya shiga ta filashin masu kawo aiki. A kawar da wannan, fanka za ta lafa da kanta.

Saitin fanka yana cikin wani shafi da ake kira BIOS, wanda ake shiga da zarar an kunna inji kafin Windows ta buɗe. A injin Dell ana danna F2, a HP F10, a Lenovo F1, a injunan haɗi kuma yawanci Del ko F2. Kamfanin ASUS na kiran nasa saitin Q-Fan, Gigabyte kuma Smart Fan. Za ka tarar da zaɓi kamar uku: Silent, watau a hankali, Standard ko Normal, watau matsakaici, da Turbo ko Full Speed, watau gudu sosai. In wani ya bar shi a kan na ƙarshen, to ka gano ɓarawonka. A wasu injunan Dell OptiPlex akwai wurin da aka rubuta Fan Control Override, in an kunna shi fanka takan yi gudu iyakar ƙarfinta ba ji ba gani, sai a kashe shi. Sai dai injunan ofis irin na Dell da HP ba su cika ba da damar saiti mai yawa ba, su shara ce maganinsu.

Shawarata ita ce a bar shi a matsakaici. Na a hankali ya fi dacewa da ɗaki mai sanyi, a iya gwada shi da hunturu, amma ban da bazara. Injin da ke bari a tsara gudun da hannu, a iya cewa a digiri 40 fanka ta yi kashi 35 cikin ɗari na gudunta, a 60 ta yi kashi 60, daga 80 kuma ta saki gudu duka. Kada a taɓa sa fankar ƙwaƙwalwa a sifiri. A canja abu ɗaya, a adana, a yi aiki na awa guda ana duban ma'aunin zafi. Abin da ba a gane ba a shafin nan a bar shi yadda yake, in kuma an rikice akwai wurin mayar da komai yadda kamfani ya tsara.

Daga ƙarshe, in an kunna inji ya rubuto cewa fankar ƙwaƙwalwa ba ta aiki, kamar CPU Fan Error, kada a danna a wuce. A kashe a duba. Injin da ya saba kuka ya yi tsit rana ɗaya, shi ya fi ban tsoro.

To Malam, ka ga jerin: a saurara, a share, a gyara mazauni, a canja mai ko fanka, sa'an nan saiti. Kuɗin fanka da ɗan mai ba su kai komai ba in aka gwada da kuɗin sabon inji, balle takardun jama'a da aka ba yaron amana. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa albarka a wannan sana'a, Ya ba mu damina mai albarka.

Masu tambaya su ci gaba da aiko mana, a rubuta a fili, a kuma faɗi sunan injin da irin kukan da yake yi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.