Fadan Da Ya Koya Wa Marayu Goge

'Yan'uwa, a wurinmu da an ambaci goge sai hankali ya tafi gidan bori ko gidan giya. Shi ya sa wasu dattawan ikilisiya ba sa ko son jin sunansa. To, ga labarin wani fada.

Antonio Vivaldi mutumin birnin Benis ne, a Italiya. An naɗa shi fada a 1703, a shekarar nan kuma ya fara koya wa 'yan mata gogen Turawa a gidan marayu na Pieta. Baƙi daga ƙasashe dabam-dabam sukan cika cocin gidan don su saurara, 'yan matan kuwa suna can sama bayan ragar ƙarfe, da ƙyar ake ganin fuskokinsu.

A 1725 aka wallafa kiɗansa na lokatai huɗu na shekara. Mu dai na bazara ya fi shiga ranmu. Zafi ya kwantar da makiyayi, kurciya tana kuka, ƙudaje sun hana shi barci, can sai hadari ya taso, gogunan suka ɓarke kamar aradu. Ba ganga, ba waƙar baki, tsirkiya kawai. Manomin da ya taɓa zaman jiran ruwan fari ba sai an fassara masa ba.