Tsofaffin 'yan ƙwallo za su iya gyara alƙalancin wasa a Sudan?

A Suk al-Shabi, babbar kasuwar talakawa da ake da ita a Khartoum da kuma Omdurman, hirar ƙwallo ba ta wuce Al-Hilal da Al-Merrikh, kuma da wuya a tashi ba a taɓo alƙalin wasa ba. Shawarar da ake yawan ji a irin wannan muhawara ita ce a miƙa usur ga waɗanda suka taɓa buga ƙwallon da ƙafarsu.

Batun ya ƙara nauyi saboda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da gasar ƙasar. Ƙungiyoyin biyu na Omdurman sun koma buga gasar Moritaniya a kakar 2024/25, daga baya suka shiga ta Ruwanda. Alƙalai da dama sun watse kamar sauran jama'a, kuma alƙalin da ya daɗe bai busa wasa ba, sai an sake horar da shi.

Me tsohon ɗan wasa ya fi sani?

Ya san dabarun fili. Yana gane wanda aka kayar da gaske da wanda ya zube don neman fenareti. Ya san ƙetar da ke karya ƙafa, ya kuma san lokacin da magana ɗaya za ta kwantar da rikici ba sai an ɗaga kati ba.

Akwai waɗanda suka yi nasara. Dick Jol na Holan ya buga ƙwallon ƙwararru kafin ya zama alƙali, kuma shi ya busa wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a 2001 tsakanin Bayern Munich da Valencia. A Ingila, Steve Baines ya yi shekaru yana tsaron baya, sannan ya yi alƙalanci a gasar Football League. A 2024 hukumar alƙalan Ingila, PGMOL, da ƙungiyar 'yan wasa ta PFA sun ɗauki 'yan ƙwallo 10 domin horon shekara uku. Cikinsu har da Chris Birchall, wanda ya buga wa Trinidad da Tobago gasar cin kofin duniya ta 2006.

Me ya sa ba su da yawa?

Na farko shekaru. Ɗan wasa kan yi ritaya yana da kusan 35, alhali abokin aikinsa da ya fara busa tun yana matashi ya riga ya hau matakai da yawa. Alƙali kuma kan yi gudun kusan kilomita 10 a wasa ɗaya, abin da gwiwar da ta sha rauni ba ta ɗauka.

Na biyu, iya ƙwallo daban, sanin doka daban. Dokokin wasan 17 ne, kuma hukumar IFAB tana yi musu gyara kusan kowace shekara. Dole tsohon tauraro ya zauna jarrabawa kamar kowa.

Na uku shi ne zargin son kai, kuma nan ne Sudan ta fi wuya. Wanda ya taɓa sa shuɗiyar rigar Al-Hilal, magoya bayan Al-Merrikh ba za su yarda da hukuncinsa ba ko da gaskiya ya yanke. Haka ma idan aka juya.

Ina ainihin matsalar take?

Manyan abin kunyar alƙalanci a Afirka ba rashin sanin ƙwallo ne ya jawo su ba. A 2017 FIFA ta haramta wa Joseph Lamptey na Gana alƙalanci har abada kan murɗe wasan Afirka ta Kudu da Senegal, har sai da aka sake buga wasan. A 2018 Aden Range Marwa na Kenya ya rasa gurbinsa a gasar duniya ta Rasha bayan ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya ɗauki bidiyonsa yana karɓar kuɗi. Maganin wannan shi ne biyan alƙali haƙƙinsa a kan lokaci, da ba shi tsaro a fili, da sa masu bibiyar aikinsa bayan kowane wasa.

Sudan ba baƙuwa ba ce a harkar. A Khartoum aka kafa CAF a 1957, ƙasar ta ci kofin Afirka a 1970. Waleed Ahmed yana cikin mataimakan alƙalai a gasar duniya ta 2018, Mahmoud Ali Ismail kuma ya busa wasanni a gasar cin kofin Afirka.

Wa ya kamata a nema?

Ba taurarin da suka tsufa ba. Waɗanda suka fi dacewa su ne matasan da suka bar ƙwallo da wuri, ko don rauni ko don rashin ƙungiya, suna da shekara 25 zuwa 30. Irinsu suna da lokacin hawa matakai, kuma sunansu bai manne da wata babbar ƙungiya ba. Za su fara daga gasannin unguwanni da 'yan Sudan ke kira rawabit, inda ake rasa mai busa wasa.

Ƙofar a buɗe take ga 'ya'yan Hausawan Omdurman, Kassala, Gadarif da Mai Wurno, da ma na Maraɗi da Kano. Matakin farko shi ne yin rajistar kwas ɗin alƙalai a hukumar ƙwallon yankinsu.