Tsibirin Spitsbergen: Ƙasar da Teku ke Ciyarwa

Spitsbergen shi ne mafi girma a cikin rukunin tsibiran Svalbard da ke ƙarƙashin ikon ƙasar Norwe, can a tekun Aktik, kuma babban garinsa, Longyearbyen, yana da tazarar kimanin kilomita 1,300 daga ƙuryar arewacin duniya. Matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan, Willem Barentsz, wanda ya isa wurin a 1596, shi ya raɗa masa wannan suna mai ma'anar duwatsu masu tsini. Kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar Svalbard yana lulluɓe da abin da masana ke kira gilasiya, wato dusar ƙanƙarar da ta taru shekaru aru-aru, ta danne kanta har ta zama dutsen ƙanƙara mai gangarawa sannu a hankali kamar kogi, yana sassaƙe tsaunuka, yana faɗawa teku gutsure-gutsure. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta ɓullowa a Longyearbyen, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta kuwa ba ta faɗuwa.

Duk da yawan ƙanƙarar, wurin hamada ne a ma'aunin masana, domin ruwa da dusar da ke zuba a Longyearbyen a shekara ba su kai sulusin ruwan da ake yi a Kano ba. Ƙasar kuma daskararriya ce har can ƙarƙashi, sai kimanin mita ɗaya na samanta ke narkewa a lokacin ɗumi, shi ya sa babu itace mai tsayawa. Ɗan itacen da ake samu yakan kwanta ne a ƙasa, tsayinsa bai wuce ɗan yatsa ba.

Abin tambaya shi ne ina dabbobin wannan fako ke samun abinci, amsar kuwa tana cikin teku. Wani reshen igiyar ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga tekun Atlantika yana bi ta yammacin tsibirin, yana hana gaɓar daskarewa na tsawon watanni, yana kuma raya ƙananan halittu da kifaye. Da zarar rana ta dawo, miliyoyin tsuntsayen teku sukan sauka a jikin duwatsun gaɓa su yi sheƙa, suna kai-komo tsakanin ruwa da ƙwansu, kashinsu kuma yana zuba a gangaren dutse. Duk manomin da ya san aikin kashin kaji a gona zai gane abin da ke biyo baya: ƙarƙashin kowane mazaunin tsuntsaye akwai shimfiɗar ciyawa da gansakuka kore shar, alhali gaba kaɗan tsakuwa ce tsirara. A nan barewar Svalbard, gajera mai kauri da gajerun ƙafafu, ke kiwo tana tara kitsen da za ta ci duhu da shi, a nan kuma yanyawar ƙanƙara, wadda gashinta ke rikiɗa fari fat lokacin sanyi, ke satar ƙwai tana binnewa don gaba.

Farin beyar, wanda namijinsa kan haura kilo 400, ya ma fi dacewa a lissafa shi cikin dabbobin teku, domin farautarsa a kan daskararren teku take, inda yake laɓewa a bakin ramin da sil, wata dabbar ruwa mai shayarwa mai tarin kitse, ke leƙowa ta shaƙi iska. An hana farautarsa tun 1973, amma mai fita wajen gari yakan tafi da bindiga don kare kansa.

Svalbard na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya, kuma illar ta fara bayyana a wannan sarƙar abinci. Idan ƙanƙarar teku ta janye da wuri, beyar kan hau tudu ya auka wa ƙwan dinya, abin da ba ya maye masa kitsen sil. Ruwan sama kuma yakan sauka a tsakiyar sanyi, ya daskare a kan ciyawa kamar gilashi, kofaton barewa ya kasa fasa shi. A 2019 masu bincike sun tsinci gawar barewa fiye da 200 bayan irin wannan shekara. A irin waɗannan lokuta ana ganin barewar na gangarawa bakin gaɓa suna cin ciyawar teku da igiyar ruwa ta watso.