Ɗakunan dutse a tsakiyar gona: abin da ya kamata ka sani game da tsofaffin gine-ginen manoman Ingila

Idan ka taɓa ganin hoton karkarar arewacin Ingila a kalanda ko a waya, wataƙila ka lura da wasu ƙananan gine-ginen dutse warwatse a cikin koren fili, kowanne shi kaɗai, ba hayaƙi, ba shanya a ƙofa. Sai ka ɗauka kango ne na mutanen da suka yi ƙaura. Shanu ne masu ɗakunan, kuma sanyi ne ya sa aka gina musu.

A ina suke, tun yaushe?

Sun fi yawa a kwaruruwan yankin Yorkshire, musamman kwarin Swaledale, wajen ƙauyukan Muker da Gunnerside. An ƙiyasta cewa yankin yana da tsofaffin gine-ginen gona fiye da 6,000, ga katangun dutse masu raba gonaki da tsawonsu ya kai kilomita 8,000 idan aka haɗa. Yawancinsu an gina su ne tsakanin 1750 da 1850, lokacin da aka rarraba filayen kiwon da a da na kowa ne, kowane mai gona ya kewaye nasa.

Me ya sa ba a gina su kusa da gida ba?

A nan hikimar take. Ka fara da sanin cewa matsalar makiyayin can ita ce hunturu, kamar yadda rani yake matsalar namu. Daga wajen Nuwamba zuwa Mayu ciyawa ba ta girma, dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa, saniyar da aka bari a waje sai ta rame ko ta mutu. Dole a killace ta, a ciyar da ita da ingiricin da aka yanka tun watan Yuli, kamar yadda mai kiwo a nan yake tara harawa a kan rufi.

To gonakin ba a wuri ɗaya suke ba, kuma ƙasar hawa da gangara ce. Ka ƙaddara kai ne manomin. Idan turkenka yana gida, sai ka kwaso ingirici daga kowace gona zuwa gida, bayan hunturu kuma ka kwashi taki ka mayar gonakin. Jigila biyu ke nan, da doki ɗaya, a kan tudu. Sai suka ga ya fi sauƙi a kai saniya inda ciyawa take. A yanka a nan, a shanya a nan, a adana a nan, saniya ta ci a nan, kashinta ya koma gonar da ta ciyar da ita. Wahalar da ta rage ita ce ta ƙafa: safe da yamma manomi zai bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya cikin duhu da sanyi, ya zuba abinci, ya fito da shanu su sha ruwa, ya yi tatsa, ya goyo madarar a baya cikin wata tukunyar ƙarfe mai maɗauri.

Yaya cikinsu yake?

Da ka shiga za ka ga an raba shi biyu. Ɓangare mafi girma na ingirici ne, ana cika shi tun daga ƙasa har rufi. Ƙaramin ɓangaren na shanu ne, sau da yawa huɗu ko biyar kawai, a ɗaure bibbiyu. A saman kansu akwai wani ɗan bene na katako da shi ma ake loda wa ciyawa, ta tare musu sanyi.

Ka duba bangon da kyau, kowace kafa da aikinta. Akwai taga a can sama, galibi ta gefen tudu, inda ake cilla ingirici ciki da cokalin ciyawa mai doguwar ƙota. Akwai wata ƙaramar kafa a ƙasa bayan shanu, ta nan ake turo kashi waje ya taru. Akwai kuma siraran tsagu don iska ta ratsa, domin ciyawar da aka tara da sauran danshi tana ɗaukar zafi har ta iya kamawa da wuta da kanta. A wasu manyan gine-ginen ma akan bar rami can ƙarƙashin rufi don mujiya. Mu muna tsarguwa da kukanta, su kuwa gayyatarta suke yi ta zo ta cinye ɓeraye.

Dutse ba siminti, me ya hana shi rushewa?

Katangun gonaki ba a sa musu komai, dutse ne a kan dutse. Magini yana tayar da fuska biyu, gindi da faɗi, suna matsowa juna yayin da suke hawa, ya cika tsakiya da ƙananan duwatsu. Can da can sai ya gitta dogon dutse da ya ratsa fuskokin biyu ya ɗaure su. Dokarsa ɗaya ce: kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. Mita ɗaya na irin wannan katanga yakan ci dutse kusan tan ɗaya. Da yake ba abin da ya toshe ta, ruwa yana wucewa, idan ƙasa ta motsa ita ma ta ɗan motsa ta zauna.

Ɗakunan shanun kuwa akan haɗa dutsensu da kwaɓin farar ƙasa da aka ƙona. Idan ka ga layin duwatsu sun leƙo daga jikin bango, kawunan waɗannan duwatsun ɗauri ne. Rufin na falalen dutse ne, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Kafin haka jinka ake yi da wata ciyawar tudu.

To ina ake ajiye hatsi?

Wannan sai ka gangara kudu, inda ake noman alkama da sha'ir. Rumbunsu gini ne dogo mai manyan ƙofofi biyu suna kallon juna. A da, amalanke kan shiga ta ɗaya da dammuna ta fita ta ɗayar. Filin da ke tsakanin ƙofofin shi ne masussuka, kuma idan aka buɗe su duka iska na ratsawa, a yi sheƙa ko ana ruwa a waje. Tsabar kuma akan ajiye ta a wani ƙaramin ɗaki da aka ɗora kan duwatsu masu faffaɗan kai kamar malafa, don ɓera ya kasa hawa. Duk wanda ya ga rumbun ƙauye zaune kan duwatsu ya san dabarar.

Mafi girman dogayen rumbunan na majami'u ne da makarantu masu manyan filaye. A wancan zamani manomi yana ba coci kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa, har zuwa 1836 da doka ta mayar da shi kuɗi. Rumbun Great Coxwell, wanda limaman wani gidan ibada suka gina wajen 1292, tsawonsa mita 46 ne, yana nan tsaye. Na Harmondsworth, dab da filin jirgin saman Heathrow a Landan, na katako ne, an gina shi a 1420 da wani abu, ya kusa mita 60.

Mutanen fa, ina suke kwana?

A da, a wurare da dama, rufinsu ɗaya da dabbobi. A yankin Dartmoor akwai dogayen gidajen dutse da aka gina a gangara, iyali ta sama, shanu ta ƙasa, don fitsari ya gangara waje. Ƙofa ɗaya suke shiga.

A kan iyakar Ingila da Sikotilan labarin ya fi tsanani. A ƙarni na 16 zuwa farkon na 17 ɓarayin shanu sun addabi yankin, suna zuwa da dare a kan dawaki. Manoma suka shiga gina gidajen da ake kira bastle, bangonsu kaurin kusan mita ɗaya, tagogi ƙanana. Da magariba a tura shanu ƙasa a datse ƙofa ta ciki, iyali su hau sama da tsani su janye shi. Mai karatu daga Zamfara ko Katsina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Me ya sami ɗakunan shanun, kuma wa ke biyan gyara?

Tarakta ce ta kashe musu kasuwa. Ba ta shiga ƙofarsu, kuma yanzu ana naɗe ciyawa da baƙar leda cikin manyan dunƙule, a tara shanu da yawa a rumfar ƙarfe kusa da gida. Ginin da ba ya kawo ko sisi, da wuya manomi ya cire kuɗi ya gyara shi. Falale ɗaya ya zame, ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, nauyin rufin ya ture bango.

Gyaran kuma ba na araha ba ne, don masu iya aikin sun yi ƙaranci, kuma ba a so a shafa wa tsohon bango siminti, yana kulle danshi a ciki. Gwamnati kan ba manoma tallafi, tun da masu yawon buɗe ido don wannan kallon suke zuwa. Kwaruruwan Yorkshire sun zama gandun ƙasa mai kariya a 1954, a 1989 kuma aka ware Swaledale musamman don kare ɗakunanta da katangunta. Ginin da aka sa a rajistar kayan tarihi, laifi ne mai shi ya sauya masa fasali ba izini.

Wasu ana mayar da su gidajen zama ko masaukin baƙi. A ganina hakan ya fi a zuba ido su faɗi, ko da yake ɗakin shanu da aka huda wa manyan tagogin gilashi ya riga ya zama wani abu daban. Waɗanda ke bakin hanya su ne ke samun masu saye. Na can tsakiyar gona, inda ba wuta ba ruwa ba hanyar mota, su ne suka fi yawa, kuma su ne ke zubewa.