Firigon mota: me ke hana shi yin sanyi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai motoci masu ɗaki a ciki, da gado da firigo. Wasu na matafiya ne, wasu na ma'aikatan lafiya masu yawo ƙauye-ƙauye. Yawancin magungunan rigakafi suna son sanyi na digiri 2 zuwa 8. In zafi ya taɓa su ƙarfinsu ya ragu, a yi wa yaro allura a banza.

Firigon da ke aiki da gaz ko da batir ba ya son karkata. A bayansa akwai bututu, wani ruwa mai suna amoniya yana zagayawa a ciki. In aka tsayar da mota a gangare, ruwan ya taru gefe guda, sanyi ya ɗauke. In an daɗe haka, bututun ya toshe, gyara ya gagara. Saboda haka in motar likita ta zo garinku, ku nuna wa direba wuri sosai, ƙarƙashin inuwa. Kada ku jingina buhu a ƙofar iska ta bayan firigon, ta nan zafi ke fita.

Wutar gaz kuwa shuɗiya ake so. In ta yi rawaya, ƙura ta shiga, a share.

Sauran matsala ta kuran ce. In an kashe inji aka bar firigo kan batir, cikin ƴan awoyi ya shanye shi, gobe mota ta ƙi tashi. Kafin a nemi makanike, a duba kan batir: in ya yi farin gari, a kankare, a ɗaure waya tamau. Fizibil in ya ƙone a sa irinsa. Masu ɗaura waya a madadinsa gobara suke nema.