Idan Guguwa Ta Wuce, Me Ya Sa Ruwan Bakin Teku Ke Komawa Kamar Shayi?

A inda kogi yake shiga teku, ruwan daɗi da ruwan gishiri sukan gauraya, kuma a irin wannan mahaɗa ce kifaye da ƙaguwa masu yawa suke yin ƙuruciyarsu kafin su fita teku. Kogin kuwa yana zuwa ne ɗauke da wani abu mai kama da jiƙo, wato narkakkun abubuwa da ruwa ya tatso daga ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da ƙasar fadama. Ko an tace ruwan da matata mafi ƙanƙantar ido, wannan jiƙo sai ya wuce, domin ya riga ya narke kamar sukari a shayi. Sinadarin kabon ne ƙashin bayansa, kuma shi ne abincin ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ruwa.

Kogin Neuse, a Jihar North Carolina ta Amurka, ya zama makaranta ga masu nazarin wannan al'amari. Yana zuba ne a cikin Pamlico, wani makeken ruwa da siraran tsibirai suka tsare daga Tekun Atlantika. A lokacin sanyi da farkon bazara kogin yakan cika, saboda haka yawancin jiƙon daga tudu yake gangarowa, mai duhun launi ne, mai wuyar ci ga bakteriya. Idan zafi ya kama kuma ruwa ya ja baya, sai gansakukar cikin ruwa ta yi ta yaɗuwa tana fitar da nata jiƙon, wanda ba shi da duhu sosai, bakteriya kuma sukan cinye shi da wuri. Hasken rana ma yakan koɗe wanda ya zo daga tudu.

Mahaukaciyar guguwa takan birkita wannan tsari cikin 'yan kwanaki. A watannin Satumba da Oktoba na 1999, guguwa uku, Dennis da Floyd da Irene, suka faɗa wa yankin a jere. A wasu wurare ruwan saman da ya sauka ya kai kusan mita 1. Ambaliya ta shiga fadamu da dazuzzuka ta kwaso abin da ya daɗe yana ruɓewa a can. Farfesa Hans Paerl na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2001 cewa ruwan ambaliyar ya maye gurbin kashi uku cikin huɗu na ruwan Pamlico, gishirinsa kuma ya ragu da kwatankwacin haka.

Ɓarnar ta fi tsanani a ƙasan ruwa, inda ido ba ya gani. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a sama kamar murfi, ya hana iskar oksijin sauka ƙasa. A can ƙasa kuwa bakteriya sun samu abinci a yalwace, suna ci suna shanye ɗan oksijin da ya rage. Kifi yana iya gudu, amma ƙananan halittun da ke zaune cikin laka, waɗanda su ne abincinsa, ba su da inda za su. An ga ƙaruwar cututtuka a jikin kifaye bayan haka. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙofofin Pamlico zuwa teku ƙanana ne, ruwa yakan yi kimanin shekara guda a ciki kafin ya fita.

Har ila yau, kabon ɗin da bakteriya suka ci yakan fita sama a matsayin iskar kabon dayoksaid, alhali da yana adane a ƙasar fadama. Bayan guguwar Florence a 2018, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna baƙin ruwa yana kwarara daga kogunan jihar, ya yi wa shuɗin Tekun Atlantika tabo mai faɗi.