Keken lantarkinka ya yi nauyi? Duba waɗannan wurare kafin ka sayi sabon batir

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƴan Najeriya da dama sun koma hawa keken lantarki don rage kuɗin zirga-zirga. Sai dai akwai ƙorafin da masu irin wannan keke suka cika yi: keken da a da yake tafiya sumul, yanzu kamar ana janyo shi ta baya, cajin da ke kai mutum kasuwa ya dawo da shi kuma yana ƙarewa a hanya.

Mafi yawan mutane batir suke fara zargi. Ga shi kuwa batir na cikin kayan da suka fi tsada a jikin keken. Mutum zai iya cin bashi ya sauya shi, bayan kwana biyu ya tarar matsalar tana nan, alhali gyaranta bai wuce na ƴan mintuna ba.

Gwajin farko

Ka kashe keken, ka ɗaga tayar gaba, ka juya ta da hannu. Lafiyayyar taya za ta yi ta juyawa kafin ta tsaya a hankali. Ka yi haka da ta baya. Idan ɗaya ta tsaya nan take, to wani abu ne ke riƙe ta. Idan kuwa duka biyun suna juyawa lafiya amma keken ba ya ja, sai hankali ya koma kan iska da wuta.

Birki da iska

Birki ne ya fi yawan jawo wannan matsala. Idan faifansa ya ɗan lanƙwashe, za ka ji yana goga a wuri ɗaya duk zagaye. Bayan gajeriyar tafiyar da ba ka yawan kama birki ba, ka kai hannu kusa da faifan ba tare da ka taɓa ba. Idan yana fitar da zafi, gogawa yake yi.

Ƙarancin iska ma na cinye caji, musamman da yake keken lantarki ya fi na gargajiya nauyi sosai. Adadin iskar da taya ke buƙata a rubuce yake a gefenta. Ka sa mai faci ya auna da ma'auni, kada ya tsaya ga matsawa da yatsa.

Boris

Ƙurar hunturu da ruwan damina kan shiga tsakiyar taya su lalata giris. Ka riƙe tayar ka girgiza ta hagu da dama. Idan tana wasa, ko kana jin ƙara kamar ana niƙa yashi, boris ya gaji.

Injin da ke cikin taya

A nan ne mutane ke ruɗewa, domin injin iri biyu ne. Ƙarami mai giya a ciki yakan saki taya idan ba ya aiki, don haka ba a jin nauyinsa. Babban kuwa, wanda ba shi da giya, maganaɗisun cikinsa kan ɗan riƙe tayar ko da keken a kashe yake. Wannan halittarsa ce, ba lalacewa ba.

Amma idan tayar ta yi tauri ƙwarai, tana juyawa da tsalle-tsalle, akwai yiwuwar wayoyi sun haɗu. Manyan wayoyi uku ne ke kai wa injin wuta, galibi rawaya da kore da shuɗi. Ka cire batir, ka zare wayar injin daga akwatin da ke sarrafa wuta, wato kwantirola, sannan ka sake juya tayar. Idan ta saki, laifin na kwantirola ne. Idan ba ta saki ba, a duba wayar, musamman inda ta shiga tsakiyar taya, domin nan ne take yawan gogewa idan keke ya faɗi.

Sai a zo kan batir

Batirin litiyam mai volt 48 kan nuna kusan 54.6 a mita idan ya cika, mai volt 36 kuma 42. Idan ya cika amma wutar na faɗuwa sosai da zarar an hau tudu ko an ɗauki kaya, ya fara tsufa. Idan kuma ya kumbura ko yana zafi fiye da ƙima lokacin caji, a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Don haka idan ka je wurin bakanike, ka nemi a ɗaga tayoyin a juya a gabanka kafin a fara maganar farashin batir. Ko da batirin ne ya mutu, sabon da za a ɗora wa keken da birkinsa ke goga ba zai yi ƙarko ba.